Gajiyar tsoka wajen motsa jiki: wacce ake jurewa, wacce ake tsayawa

"Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 36, nauyina kilo 80, aikina na zama ne a shago daga safe har magariba. Mako uku ke nan da na fara motsa jiki bayan sallar asuba: in yi gudu a filin makarantar unguwarmu, in na dawo in yi tsuguno da miƙewa sau 50, sannan firesof gwargwadon iyawata. Matsalar ita ce ko minti 5 ba na yi ina gudu sai cinyoyina su ɗauki zafi kamar an zuba barkono, ƙafafun su yi nauyi, wani lokaci har su riƙa rawa. Washegari kuma jiki ya yi tsami, har zuwa sujada sai na dafa. Wani abokina ya ce laktik asid ne ya taru, in je kemis a yi mini haɗin maganin gajiya. Wani kuma ya ce jikina ne ba ya son abin, in haƙura. Shin illa nake yi wa kaina? In daina ko in ci gaba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma ba ka ikon ɗorewa. Abubuwa biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma abokan naka ma sun cakuɗa su. Zafin da cinya ke ɗauka kana cikin gudu daban yake, tsamin da ke zuwa washegari daban, kowanne da sanadinsa da yadda ake bi da shi. Akwai kuma ciwo na uku da ba ka ambata ba, wanda shi ne ake tsayawa dominsa, kuma wajibi ne ka san kamanninsa. Bisa abin da ka rubuta, ka ci gaba, amma ka sassauta gudun, ka rage yawan tsugunon, ka kuma bar zancen haɗin kemis.

Abin da ke faruwa a cinya cikin mintunan farko

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da take ajiyewa a cikinta bai wuce na 'yan daƙiƙu ba. Tunda kai ɗan kasuwa ne, ɗauke shi kamar canjin da ke aljihunka. In ya ƙare sai a buɗe durowa, wato wani ajiyayyen sinadari mai suna fosfokiriyatin, wanda ke riƙe gudun ceton rai na kimanin daƙiƙa 10. Bayansa sai kayan da ke kan kanta: sukarin da tsoka ta adana, da ake kira gilaikojin. Baligi yakan ajiye kimanin giram 400 zuwa 500 a tsokoki, da kusan giram 100 a hanta. Can a sito kuma akwai kitse, mai yawan gaske ko a jikin siriri, sai dai ɗauko shi na cin lokaci kuma sai da isasshiyar iskar oksijin.

Idan kana tafiya ko sassarfa a hankali, iskar da jini ke kawowa ta wadatar, jiki na ƙona sukari da kitse cikin natsuwa, kana iya ɗaukar tsawon lokaci. Da zarar ka ƙara wuta fiye da abin da zuciya da jijiyoyin jini suka saba, sai tsoka ta koma fasa sukari da gaggawa, abubuwa su fara taruwa a ciki. Fosfet da ke fitowa daga fashewar ATP da fosfokiriyatin yana rage ƙarfin da zaruruwan tsoka ke ja da shi, yana kuma dagula sakin kalsiyam, wanda shi ne makunnin da ke sa tsoka ta tsuke. Fotasiyam na fita daga cikin ƙwayoyin tsoka zuwa wajensu, sai saƙon lantarkin da jijiya ke aikowa ya yi rauni. Asid ma na ƙaruwa. Akwai ƙananan jijiyoyi a cikin tsoka waɗanda aikinsu ke nan su ɗanɗana wannan sauyi su kai rahoto ƙwaƙwalwa, kuma rahoton shi ne barkonon da kake ji.

Nauyin ƙafa da rawar da take yi suna da nasu bayanin. Zaruruwan tsoka iri biyu ne a dunƙule: masu jinkiri da juriya, da masu sauri da ƙarfi amma saurin gajiya. Jiki kan fara tura masu juriyar. In sun fara sanyi sai ya kira masu saurin su taimaka, su kuwa ja suke da ƙarfi, ba su da laushin aiki. Ga wasu sun gaji sun saki, ga wasu sun shigo da ƙarfi, sai jan ya daina tafiya bai ɗaya. Wannan ita ce rawar. In ka tsaya ka ɗan taka a hankali, zafin kan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku, domin fosfokiriyatin na dawo da kusan rabinsa cikin daƙiƙa 30, ya kusa cika cikin minti 3 zuwa 5. Ka riƙe wannan alama da kyau: gajiyar da ta zo a hankali, ta kama ƙafafu biyu daidai, ta kuma tafi da ɗan hutu, ba rauni ba ce.

Zancen laktik asid

Abokinka ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, tsohuwa ce. A 1907 wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila, Fletcher da Hopkins, sun nuna cewa tsokar kwaɗo da aka gajiyar tana tara laktik asid. Aikin A. V. Hill da Otto Meyerhof, waɗanda suka raba kyautar Nobel ta shekarar 1922, ya ƙara kafa wannan fahimta, har ta shiga littattafan makaranta da bakin masu horar da 'yan wasa. Daga baya, musamman ta binciken George Brooks a jami'ar Kalifoniya da ke Bakli tun shekarun 1980, aka gane cewa laktet, wato sifar da laktik asid ke ɗauka a cikin jiki, abinci ne: zuciya na ƙona shi, tsokokin da ba su gaji ba na ƙona shi, hanta kuma na mayar da shi sukari. Yana ƙaruwa a daidai lokacin da kake jin zafi, shi ya sa aka ɗora masa laifin duka, alhali yawancin ɓarnar ta waɗancan abubuwan da na lissafa ce.

Abin da ya fi shafarka shi ne wannan: laktet na komawa daidai a jini cikin kimanin awa guda bayan ka gama. Ba yadda za a yi abin da ya wuce kafin ka buɗe shago ya zama sanadin tsamin da zai zo gobe. An ma gwada a Amurka a 1983. Waɗanda suka yi gudu a shimfiɗaɗɗen wuri laktet ɗinsu ya hau amma ba su yi tsami sosai ba. Da suka yi gudun gangara laktet bai hau ba, sai ga tsami ya kama su. Saboda haka duk maganin da aka ce yana "wanke laktik asid" ba shi da abin wankewa.

Rabon ƙwaƙwalwa

Ba a tsoka kaɗai gajiya ke zaune ba. Tun 1891 wani masani ɗan Italiya, Angelo Mosso na birnin Turin, ya yi rubutu a kan haka. Yana da na'urar da ake ɗaga nauyi da yatsa ɗaya har a gaza, ya kuma lura cewa abokan aikinsa malaman jami'a sun fi saurin gazawa bayan sun wuni suna lacca da jarraba ɗalibai, alhali yatsan bai yi aikin komai ba. Ƙwaƙwalwa na tattara labarin zafin jiki, bugun zuciya, numfashi, yawan barcin jiya da nisan da ya rage, sai ta rage umarnin da take aika wa tsoka tun kafin a kai ga ɓarna. Birki ne, kuma ga sabon shiga da wuri yake kamawa, domin jikin bai san wannan yanayi ba, duk wani haki sai ya ɗauke shi a matsayin haɗari.

A nan ne karɓar gajiya ke da ma'ana. Mutumin da ya ji zafi a cinya ya tsorata yakan ɗaure kafaɗa, ya riƙe numfashi, ya cije haƙora, abin ya ninku. Wanda ya san mene ne zafin yakan saki kafaɗa, ya fesar da iska sosai, ya rage taki kaɗan, ya wuce. A wurin aikinmu na fisiyo, yawancin waɗanda ke watsar da atisaye suna yi ne a makonni huɗun farko, kuma abin da ke korarsu jahiltar wannan zafi ne, sun ɗauka wani abu ne ke yagewa. Ba banza ba in aka ce "ina gajiya" muke amsawa da "ta bi lafiya". Mai lafiya ne ke aiki har ya gaji. Sai dai karɓa ba ta nufin a yi ta dannawa har a faɗi, a'a, sanin gwargwado ne.

Tsamin washegari

Wannan shi ne ya hana ka sujada cikin sauƙi, kuma na fi zargin tsugunon nan sau 50 fiye da gudun. Tsoka na aiki ta hanya biyu: tana ja tana gajarcewa, kamar lokacin da kake miƙewa, ko tana riƙe nauyi tana tsawaita, kamar lokacin da kake sauka ƙasa a hankali. Ta biyun ita ce mai kawo tsami. Lokacin saukar, zaruruwa kaɗan ne ke ɗauke da nauyi mai yawa, sai wasu ƙananan sassansu su tsattsage ta yadda ido ba ya gani. Jiki ya turo ma'aikatan gyara, wurin ya ɗan kumbura daga ciki, jijiyoyin jin zafi da ke tsokar da fatar da ta lulluɓe ta su ƙara kaifi. Wannan duka na cin lokaci, shi ya sa tsamin kan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, ya wuce cikin kwana 5 zuwa 7. Wani masani a Amurka, Theodore Hough, ya siffanta shi tun 1902.

Ka lura da kanka: sauka daga bene ya fi hawa ciwo, tafiya sujada ta fi tasowa ciwo, tsugunawa a bayi ta fi miƙewa. Duk saukar ce. Kuma duk wanda ya taɓa noma ya san ƙarshen labarin. Ranar farko da aka sunkuya da fartanya bayan dogon rani, washegari ƙugu da cinya sai a hankali. Bayan mako guda ana wannan aikin dai, ko fiye, babu tsamin. Tsoka in ta sha wahalar wani motsi sau ɗaya takan samu kariya daga irinsa na makonni. Saboda haka tsamin da ya fi kowanne muni shi ne na farko, ka kuma riga ka biya wannan kuɗin. In ka daina yanzu ka dawo bayan wata uku, sabon biya za ka yi.

To me ya sa har mako na uku kana tsami? Domin kullum kake yi, ba ka ba wa gyaran lokaci. Tsokar da aka yi wa aikin ƙarfi tana son kimanin awa 48 kafin a sake matsa mata. Kada kuma ka ɗauki tsami a matsayin shaidar atisaye ya yi kyau. Samari a gidajen ɗaga ƙarfe na yawan faɗin haka, kuma kuskure ne. Tsoka na ƙara ƙarfi ko ba ta yi tsami ba.

Abin da ke sauƙaƙa shi kaɗan ne, gaskiya. Tafiya a hankali ko tuƙa keke na minti 15 zuwa 20 na sassauta shi na ɗan lokaci. Tausa mai laushi da wanka da ruwan ɗumi na kawo sauƙi. Miƙe tsoka kafin atisaye ko bayansa yana da nasa amfanin, amma an gwada an ga ba ya hana tsami ta yadda za a ji bambanci. Tausar ƙarfi da ake murza cinya har mutum ya yi ƙara ba ta ƙara komai sai ciwo.

Yadda za ka auna gwargwado

Ma'auni mafi sauƙi bakinka ne. In kana gudu kana iya faɗin jimla cikakkiya amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaicin mataki, a nan ya kamata mafi yawan gudunka ya kasance. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mataki mai tsanani. Wanda cinyarsa ke cin wuta a minti 5 kusan kullum a nan yake. Kuskuren da muka fi gani ke nan: mutum ya shiga fili ya tarar da waɗanda suka shekara suna zagaye, sai ya bi takinsu don kunya.

Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara sikelin auna wahala daga 6 zuwa 20, amma na 0 zuwa 10 ya fi sauƙin riƙewa. Sifili kana zaune, 10 kuma iyakar ƙarfinka. Gudunka ya tsaya a 4 zuwa 6. Tsuguno da firesof su kai 7 ko 8, ma'ana ka tsaya alhali kana jin da sauran biyu ko uku a jikinka. Waɗannan na ƙarshen da ka bari ba asara ba ce, domin su ne suka fi jawo tsami da rauni, ribarsu kuma kaɗan ce ga sabon shiga.

Akwai alama ta biyu da ta fi lissafi gaskiya, wato lalacewar tsari. A tsuguno, in gwiwoyi sun fara faɗawa ciki, ko dunduniya ta ɗaga, ko baya ya lanƙwashe, zagayen ya ƙare ko da lissafinka bai cika ba. A firesof, in ƙugu ya zube ƙasa ko kai ya riga ƙirji sauka, haka nan. A gudu, in ka fara jan ƙafa ko kana buga ta da ƙarfi har kana jin ƙarar, koma tafiya. Tsokar da ta gaji takan sauke kayanta a kan gwiwa da ƙugu da idon sawu, su kuma ba su da saurin warkewa irin nata.

Ga tsarin da zan ba mai irin bayaninka. Gudu kwana 3 a mako, da rana guda a tsakani. Fara da tafiyar sauri ta minti 5 zuwa 10 don jiki ya ɗumama, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ka maimaita sau 8. In mako ya wuce kana gamawa da sauran ƙarfi, mayar da shi minti 2 da 2, sannan 3 da 2, sannan 5 da 1. Abu ɗaya za ka riƙa ƙarawa a lokaci guda, ko tsawo ko sauri. Tsuguno da firesof kwana 2 a mako: zagaye 2 na sau 10 zuwa 12, da hutun minti 1 zuwa 2 a tsakani. In firesof a ƙasa ya yi nauyi, dafa benci ko dakali. Inda ake son a kai shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Cikin mako 4 zuwa 8 za ka ga takin da ke ƙona ka yau ya zama na hira, domin ruwan jini ya ƙaru, ƙananan hanyoyin jini sun yawaita a tsoka, injinan ƙona abinci da ke cikin ƙwayoyinta ma sun ƙaru.

Zafin gari, ruwa, abinci da barci

Ka yi dabara da ka zaɓi bayan asuba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, jini na rabuwa biyu: wani ya tafi tsoka, wani ya tafi fata don sanyaya jiki. Zuciya ta ƙara gudu, gajiya ta zo da wuri a kan aikin da ka saba. Jiki na ɗaukar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka a farkon bazara a rage. Da hunturu kuma gumi na bushewa nan take, mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba.

Mai motsa jiki kan zubar da rabin lita zuwa lita 2 na gumi a awa. In asarar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ƙarfi na raguwa a fili. A wurinka kilo 1.6 ke nan, sama da ledar fiya wata uku. In kana da sikeli, auna kanka kafin ka fita da bayan ka dawo. Kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce, ka mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a hankali cikin 'yan awanni. Fitsari mai haske alamar ka ƙoshi, mai duhu alamar da saura. Atisayen da bai kai awa ba, ruwa zalla ya isa, gishirin abincinka zai cike sauran. Ba a kuma ɗura ruwa fiye da kima, shi ma yana da illarsa.

Kana fita da cikin da ya kwana babu komai, gilaikojin ɗin hanta ya ragu. Ga minti 30 ba matsala ba ce ga mai lafiya, amma in kana jin jiri ko kasala, dabino 2 ko 3 ko ayaba ɗaya da ruwa kafin ka fita sun wadatar. Bayan ka dawo ka haɗa mai sitaci da mai gina jiki: koko da ƙosai, fura da nono, burodi da ƙwai, shinkafa da wake. Mai atisaye na son furotin kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, kai ke nan giram 100 zuwa 130, a rarrabe cikin abincin yini. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Wake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kifi, nama da kindirmo duk suna bayarwa, ba sai ka sayi garin gwangwani ba. Barci kuma awa 7 zuwa 9. Wanda ke rufe shago da magariba, ya yi hira har 12, ya tashi asuba, rabin gajiyarsa daga nan take, kuma ba abincin da zai maye gurbin wannan. Da azumi, mayar da atisayen bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko ka yi mai sauƙi dab da magariba.

Haɗin kemis

A nan zan ɗan tsananta. Haɗin da ake ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya yawanci ya ƙunshi magungunan kashe zafi irin su ibufurofen ko daikulofenak, wani lokaci biyu a haɗe, wani lokaci har da taramol ko sitiroyid, kuma mai sha bai san me ya haɗiya ba. Ibufurofen da danginsa na rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ka haɗa wannan da jikin da ya yi gumi ya rasa ruwa, ka ga an matsa wa ƙoda ta fuska biyu. Suna kuma cin bangon ciki, su tayar da gyambon ciki. Taramol na kama mutum har ya kasa barinsa, yana kuma iya jawo farfaɗiya, har hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga farkon 2024. Bayan wannan duka, jiki magayi ne. In ka toshe masa baki da ƙwaya ka fita gudu, ranar da ciwon gaske ya zo ba za ka ji shi da wuri ba. In tsami ya hana ka barci, farasitamol bisa ƙa'idar da ke jikin kwalinsa na kwana ɗaya ko biyu ya fi ƙarancin haɗari.

Ciwon da ake tsayawa dominsa

Gajiya ta gari na zuwa a hankali, a cikin naman tsoka, a ɓangarori biyu. Ciwon da ya zo farat ɗaya kamar an soka wuƙa ko an jefe ka da dutse, a wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, ko ka ji wani abu ya yi ƙas, wannan yagewar tsoka ce ko jijiya, a tsaya nan take. Haka ciwon da ke cikin gaɓa, ko mai sa ɗingishi, ko mai ƙaruwa da kowane taki. Wuri ɗaya a ƙashin ƙwauri da ke zafi in an danna, yana kuma ƙaruwa mako bayan mako, na iya zama tsagewar ƙashi. Sha-raɓar ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi na iya zama gudan jini. Wanda kuma sha-raɓarsa ke ƙullewa duk lokacin da ya yi tafiya mai nisa iri ɗaya, ta saki in ya tsaya, musamman mai shan taba ko mai ciwon suga, a duba hanyoyin jinin ƙafarsa.

Waɗannan kuwa asibiti ake nufa ba jira: nauyi ko matsi a ƙirji, ko da ya tafi hannu ko muƙamuƙi, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, bugun zuciya a hargitse, jiri har gani ya dushe, ko suma. Wanda ya rikice ko ya fara surutai cikin zafin rana, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin mota ta zo.

Akwai guda biyu da nake so kowane mai karatu ya sani. Na farko, in tsami ya wuce misali, tsoka ta kumbura ta yi tauri, hannu ko ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, fitsari kuma ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ta farfashe da yawa har abin cikinta ya shiga jini, yana iya toshe ƙoda. Ya fi samun wanda bai saba ba aka sa shi tsallen kwaɗo ko tsuguno ɗaruruwa a rana ɗaya, musamman cikin zafi. Ranar nan ake zuwa asibiti. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da jinin AS. Mafi yawansu na wasanni lafiya ƙalau, har a matakin ƙwararru, amma gudun iyakar ƙarfi ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa ko bayan zazzaɓi, na iya sa jinin ya lauje a cikin tsoka. Alamar ita ce ƙafafu su mutu, su yi laushi, mutum ya sulale ƙasa, saɓanin ɗaurewar tsoka da ake jin ta yi tauri kamar dutse. In ba ka san jinotayif ɗinka ba, gwajin ba shi da tsada. Mai SS kuwa sai da shawarar likitansa.

Daga nesa nake amsa maka, ban auna jininka ba, ban saurari ƙirjinka ba, ban ga yadda kake taka ƙasa ba. Shekara 36 da zaman shago dalili ne isasshe na a duba hawan jini da suga ko da ba ka jin komai. In ka bi tsarin nan mako 4 gajiyar ba ta sassauta ba, ko ka ga aikin da kake yi da sauƙi a da yanzu yana gagarar ka, ko kana haki a hawan bene ɗaya, je a duba yawan jininka da maleriya, domin ƙarancin jini na sa tsoka gajiya tun ba a je ko'ina ba. Ka tafi da duk maganin da kake sha a hannu. Wasu magungunan rage kitsen jini na sa ciwon tsoka, wasu na hawan jini kuma na rage bugun zuciya ko su zubar da fotasiyam ta fitsari. Kada ka daina su da kanka, likitan da ya rubuta shi zai sauya. In kuwa zazzaɓi ya kama ka, ajiye takalmin har ka warke sarai, ranar da za ka koma fili kuma ka fara da rabin abin da ka bari.